Ruwan Ranar Asabar

Lahadi, 4 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Guraben shanya gishiri tara. Na ƙirga da ido, na sake ƙirgawa da yatsa, tara ɗin ne. Ɗaya nawa, biyar na maƙwabciyata Eulogia, uku na gidan Huallpa da ke can ƙasa. Muna fitowa daga coci aka zo da labari, kowa ya gangara kwarin gishiri da kayan Lahadinsa. Ruwan magudana ya kwana yana zuba a gurbina na sama, ya cika ya tumbatsa, ya ci bangon laka, ya sauka kan na Eulogia da jar ƙasa. Gishirinta na wata guda, wanda za ta kwashe gobe, ya koma kunun laka.

Eulogia ta zauna a bakin magudana, takalmin cocinta a hannu, ko kuka ba ta yi ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

An tarar da bakin gurbina a buɗe, dutsen toshiya da tsummansa a ajiye gefe guda tsaf. Mutane suka yi ta cewa, "Sannu Dosia, ke ma an yi miki ɓarna." Na yi ta amsawa da yauwa.

Ban ci abinci ba. Kaina ne ke ciwo.

Litinin, 5 ga Agusta, shida na safe

Iska ce ta hana ni barci, ba wani abu ba.

Litinin, bayan azahar

An fara kiran sunan Baba Serapio.

Shekara talatin da ɗaya yana rabon ruwa a kwarin nan. Idon ruwa ɗaya ne, gurabe dubbai, kuma bai taɓa riƙe takarda ba. Ka tare shi ko a kasuwa ka ce, "Baba, yaushe ruwana?" zai ce maka Laraba bayan gidan wane, kafin rana ta kai kan dutse, kuma haka za a yi. Shi ke buɗewa, shi ke toshewa, ba mai taɓa dutsen bakin gurbi in ba shi ba. Ranar Asabar da safe ruwana ne. Ya buɗe mini da asuba, ya kamata ya toshe ƙarfe tara. To, an tarar da shi a buɗe. Me mutane za su ce?

Shekarunsa saba'in da takwas. Shi ya riƙe ni ranar baftismata, kuma da mahaifina ya rasu shi ya koya mini daɓen gurbi da yadda ake jan gishiri da katako ba tare da an kwarzo laka ba. Ban san wani uba ba bayan shi.

Ya tsaya yau a gaban dutsen, ya dogara sandarsa, ya ce, "Na toshe shi. Na san na toshe."

Babban ɗan Huallpa ya ce, "To aljani ne ya buɗe ke nan, Baba? Ko tsuntsu ne ya ɗauke dutsen ya ninke tsumman?"

Aka yi dariya kaɗan, irin ta rashin daɗi. Baba ya juyo ya dube ni. Ba tuhuma a idonsa, agaji yake nema. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na raka Maruja tasha, ta koma Lima, babban birni. Uwar saurayin 'yata Nélida ce, ta zo ganin gidan da ɗanta zai yi aure a watan Oktoba. Kwana biyar ta yi mana, kullum da ƙyalle a hanci, wai tudun garinmu ya hana ta numfashi. Ba muguwar mace ba ce. Sai dai in ta dubi abu, ko da tukunyarka ce, sai ka ji kamar ba ka wanke ta da kyau ba.

Kafin motar ta tashi na riƙe hannunta na ce, "'Yar'uwa, in wani ya tambaye ki, daga sama muka kalli gishiri, inda kowane baƙo ke tsayawa."

Ta ce, "Af, don wannan? Bakina a ɗinke yake. Ai mun zama ɗaya."

Ta sumbace ni a kumatu biyu. Na dawo gida na wanke fuska.

Laraba, 7 ga Agusta, magariba

An fara gayyar gyaran gurabe. Ɗebo farar laka daga tsallake, kwashe jar ƙasa, ɗaga bango, sannan daɓe. Ni na fara zuwa, ni na bar wurin a ƙarshe. Gishiri ya shiga tsagar dunduniyata, na ƙyale shi ya ci.

Da muka zauna tauna ganyen koka mai kashe gajiya, Eulogia ta matso kusa da ni. Ita ba ta iya kwana-kwana ba.

"Dosia, ranar Asabar kin sake saukowa bayan safe?"

"Ni? Da baƙuwa a gida? Ai Moray muka tafi, kallon tsoffin gonakin kakanni. Tambayi matan da ke sayar da saƙa a can, sun gan mu."

"Na sani. Na dai ce ko kin ga wani abu."

"Na rantse da kabarin mijina, tun safe ban sake taka kwarin nan ba."

Ba ta ce in rantse ba. Ba wanda ya ce in rantse. Bakina ne ya yi gaba ya bar ni a baya. Anacleto, ka yafe mini, kana kwance lafiya na jawo ka cikin wannan.

Alhamis, 8 ga Agusta, biyar na yamma

Littafin nan ba ya zuwa taro, bari in rubuta.

Ranar Asabar wajen sha ɗaya na kai Maruja wurin da baƙi ke tsayawa. Kwarin babu kowa, duk an haura gari jana'izar tsohuwar mai ƙararrawar coci. Ta leƙa, ta ɗauki hoto biyu, ta ce, "Shi ke nan? Ai na zaci wani babban abu ne. To ku ina naku? Ko aiki kuke yi wa masu shi?"

Aiki muke yi wa masu shi! Ni da kakan kakana ya daɓe gurbin nan da hannunsa. Jinina ya hau. Na ce ta biyo ni. Na bi da ita ta ƙaramar hanyar jakuna, muka zagaya bayan dutse inda ba a hangowa daga sama.

An hana baƙi shiga tsakanin gurabe tun shekarun baya, saboda gashi da tofi da guntun taba da ake tsinta a gishiri. Wa ya fi kowa ɗaga murya a taron da aka yanke haka? Ni. Wa ya ce duk wanda ya shigar da baƙo a rufe masa ruwa rani guda? Ni, Teodosia Atapaucar, da bakin nan nawa. Har tafi aka yi mini.

Ta tsaya a bakin gurbina da takalminta mai tsini, ta ce, "Ruwan ta ina yake shiga? Ni ban ga komai ba sai kwata." Dutsen yana nan a toshe, Baba ya danna tsumman da kyau kamar kullum. Na durƙusa na cire. Ruwa ya shigo da ɗuminsa, ta sa yatsa ta lasa, ta ce, "Kai! Ashe da gaske ne." Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Sai jiri ya ɗebe ta, na tare ta, mai motar da zai kai mu Moray yana ta danna ƙaho daga sama.

Iya abin da zan iya rubutawa yau ke nan.

Asabar, 10 ga Agusta, hantsi

Na ga Baba Serapio yau yana toshe bakin wani gurbi. Ya toshe, ya yi taku goma, ya dawo ya taɓa dutsen. Ya tafi, ya sake dawowa. Sau uku. A na ukun ya tsuguna ya zuba wa dutsen ido kamar zai yi masa magana.

Saboda wannan komawa-komawar ya makara a layin ƙasa, mutum biyu suka rasa rabin ruwansu. Wanda bai taɓa makara ba! Yanzu an samu abin nunawa na biyu.

Na kai masa dafaffiyar masara da cuku. Ya ce, "'Yata, ke kaɗai ce ba ki canza mini fuska ba." Na ce masa in ya gama ya bar kwanon a wurin, na yi sauri na wuce.

Lahadi, 11 ga Agusta, tsakar rana

A coci kowa ya tashi karɓar Jibin Ubangiji, ni na zauna. Na ce wa ta kusa da ni gwiwata ce.

Talata, 13 ga Agusta, la'asar

Gumercinda ta iso daga Arequipa. Ita ce 'yar Baba guda ɗaya da ta rage, ma'aikaciyar jinya ce, tare muka yi wasan ƙasa. Wani ya buga mata waya. Ta shigo gidana ko mayafinta ba ta sauke ba.

"Dosia, ki gaya mini gaskiya, tun yaushe ya fara?"

"Fara me?"

"Kar ki yi mini haka. Ina ganin irinsu kullum a wurin aiki. Da ƙaramin abu yake farawa, yau dutse, gobe tukunya a kan wuta, jibi a tsinto shi a hanyar Urubamba bai san sunansa ba. Shekara nawa ina roƙonsa ya dawo wurina? Ya ce in ya bar kwarin nan mutuwa zai yi. To gara ya mutu a gado da ya faɗa rami."

Na ce, "Kansa ƙalau yake, Gume. Ya fi ni da ke."

Ta ce, "Allah sarki. Kin fi ni son sa ma."

An sa taron masu gishiri ranar Lahadi ashirin da biyar ga wata. A nan za a yanke ko ya ci gaba da rabon ruwa ko a karɓi sandar aikin daga hannunsa. Gumercinda ta ce in an karɓa, washegari za ta tafi da shi. Ta riga ta share masa ɗaki a hawa na uku, mai taga yana kallon titi.

Kwana goma sha biyu. Ina da lokaci.

Laraba, 14 ga Agusta, safe

In na faɗa, an rufe mini ruwa har baɗi. Bikin Nélida da gishirin nan za a yi shi. Kuma Maruja za ta ji cewa surukarta ta rantse da kabari a kan ƙarya. Kuma Eulogia. Na jera dalilan nan a kaina ina tuƙa tukunya, duk masu kyau ne.

Alhamis, 15 ga Agusta, shida na yamma

Bikin Uwa Maryamu a Tiobamba. Da na sani ban je ba.

Masu rawa da fuskokin katako, ƙura, gangar da ke shiga har haƙori. Eulogia ta hango ni ta jawo ni rumfarsu, ta ɗora mini gasasshen ɓeran masar guda sukutum a faranti, da dankali, ta cika mini kofi da giyar masara. Ita da ta rasa gishirin wata guda! Ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Ku dube ta. Gurbi ɗaya ta rasa, amma ta yi aikin mutum uku a nawa. Ku dubi ƙafarta yadda ta tsattsage. Wasu kuwa da aka haifa ciki ɗaya da ni, ko ƙeyarsu ban gani ba." Ƙanenta ya ce shi bayansa ke ciwo, ta ce ai tun ranar aurensa yake ciwo, aka kwashe da dariya.

Na ci naman. Ya zan yi? Tana tsaye a kaina.

Baba yana zaune a dakalin coci shi kaɗai, hularsa a gwiwa. A irin wannan rana da, layi ake yi a gabansa, wannan ya kawo kofi, wannan ya zo tambayar ruwa. Yau gaisuwa ake yi masa daga nesa, da babbar murya, a hankali, yadda ake yi wa kurma.

Juma'a, 16 ga Agusta, hantsi

Akwai abin da na tsallake ranar Alhamis ɗin can, takwas ga wata.

Na tuna. A Moray na tuna, tun ƙarfe ɗaya bai yi ba.

Muna tsaye a bakin babban ramin, gonakin kakanni suna sauka zobe cikin zobe har ƙasa, iska na neman cire mini hula. Maruja ta cire ƙyallen daga hanci, karon farko tun zuwanta. Sannan ta ce, "Mutanenku ne suka gina wannan?" Na ce ƙwarai. Na shiga ba ta labari, yadda can ƙasa ya fi nan ɗumi, yadda ruwan sama bai taɓa taruwa a ciki ba komai yawansa. Ina faɗin kalmar ruwa sai abin ya faɗo mini. Dutsen. Na gan shi a idona, a gefen hagu, tsumman a kansa.

Da na ce wa mai mota ya juya, kafin ƙarfe biyu ina can. Gurbin bai ko fara tumbatsa ba a lokacin. Amma Maruja na riƙe da hannuna tana cewa ɗanta ya yi dace, abinci na jira a gida, kuma in na ce mu koma sai na faɗi dalili a gaban mai mota, ɗan garinmu, mai bakin tsiya. Na ce wa kaina ai na mayar. Na sake cewa ai na mayar. Da yamma ma ƙafata ta kai ƙofa, sai Maruja ta ce a dafa mata shayi.

Mantuwa ba ta kai awa biyu ba. Sauran duk ni ce.

Asabar, 17 ga Agusta

Gobe.

Lahadi, 18 ga Agusta

Gumercinda na gidan duk yini, ba dama.

Litinin, 19 ga Agusta, huɗu na yamma

Na je. Na same shi a tsakar gida yana ɓare wake, Gumercinda ta tafi karɓo sakamakon gwajin da likita ya yi masa a Cusco. Na zauna a kan turmi, na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Dosia, na tuna."

"Ka tuna me, Baba?"

"Ranar nan. Kwana da kwanaki ina bin ta a kaina, yanzu ta fito sarai. Na zo zan toshe, sai na ji ƙararrawar jana'iza. Na ajiye dutsen a hagu, na cire hula na yi addu'a, na wuce. Ina ganin hannuna yana ajiye shi." Ya ɗaga hannun ya nuna mini. "Ki yafe mini gurbinki, 'yata. Na je na roƙi Eulogia jiya."

Wayyo ni. Ƙararrawar nan ƙarfe goma aka buga ta, yana can layin ƙasa a lokacin. Ya ɗauki abin da mutane ke faɗa ya gina wa kansa, har da hula.

Na ce, "Baba, ba haka aka yi ba."

Ya ce, "Kar ki damu, tsufa ba laifi ba ne. Miƙo mini kwandon can."

Na miƙa masa kwandon. Tir da ni.

Alhamis, 22 ga Agusta, magariba

Ya ce yana son ganin Moray kafin taro. Gumercinda ta ce in raka shi, ita tana haɗa kaya. Tun ba a yi taron ba take haɗa kaya.

Mai mota ya sauke mu, muka taka a hankali har bakin rami. Baƙi na ta wucewa da jagororinsu. Baba ya nuna da sanda. "Zobe na huɗu daga ƙasa, can gefen da inuwa ke fara sauka. Nan mahaifina ya shuka dankali ina ɗan shekara bakwai, kafin hukuma ta hana. Ni nake kai masa abinci, ina sauka ta duwatsun nan da suka fito daga bango." Ya faɗi sunan irin dankalin, ya faɗi sunan jakinsu, ya faɗi wanda ke noma zobe na biyar da rigimar da suka yi a kan iyaka. Mutumin da ake cewa kansa ya tafi!

A daidai wurin da na tsaya da Maruja na faɗa masa. Duka. Hanyar jakuna, takalmi mai tsini, yadda na tarar da tsummansa a danne da kyau, yadda na cire da hannuna, yadda na tuna a nan na ƙi komawa, rantsuwar da na yi wa Eulogia. Ina magana ina kuka, majina har baki, baƙi na kallona. Na ce ya ɗaga sandar nan ya rafka mini.

Ya saurara har na gama. Sannan ya yi murmushi.

"Kwana nawa kika yi kina shirya wannan?"

"Baba, gaskiya ce!"

"Ke da kika kori ɗan gwamna daga bakin gurbi da tsintsiya, ke za ki shigar da baƙuwa? Haba Dosia. In za ki yi ƙarya ki nemi wadda ta yi kama da ke." Ya ciro ƙyallensa ya ba ni. "Likita ya ce bai ga komai ba, shi ma Gume ce ta roƙe shi. Kowa lallaɓa ni yake yi yanzu. Share fuskarki, ana kallonmu."

Na yi ta maimaitawa a mota har gida. Yana cewa, "To, to," yana kallon gonakin sha'ir ta taga.

Asabar, 24 ga Agusta, safe

Na gaya wa Nélida a waya. Ta ce, "Mama, bikina fa?" Na ce ko a ƙarƙashin bishiya ne za a yi. Ta kashe wayar. Gobe a gaban kowa zan faɗa, a rufe ruwan, na huta.

Lahadi, 25 ga Agusta, biyar na yamma

Dole in rubuta wannan.

Ɗakin taro ya cika har waje. Shugaba ya karanta abin da ya tara mu. Kafin a kai ga ɗaga hannu na miƙe. Na faɗa kamar yadda na faɗa a Moray, wannan karon ba kuka. Na ce ni na cire dutsen, Baba Serapio ya toshe shi daidai, a yi mini hukuncin da ni na kawo shi da bakina.

Sai Eulogia ta ce daga baya, "Zauna, Dosia. Kin rantse mini da kabarin Anacleto. Yau kuma za ki ce kin ci amanar mamaci? Ni ban yarda ba."

Na ce, "Ƙarya na rantse!"

Wata mai sayar da saƙa ta ce ita ta gan ni a Moray da rana tsaka, ina ta dariya da baƙuwata, ba alamar mai damuwa. Ɗan Huallpa ya ce, "In gaskiya ne me ya hana ki faɗa sati uku? Sai yau da za a karɓi sanda?" Amsar ita ce ni matsoraciya ce, na faɗa, aka yi dariya.

Na ce a kira mai motar. Ya ce shi a sama ya jira, barci ma ya yi, da ya farka ya danna ƙaho, bai san ta ina muka ɓullo ba. Na ce to a kira Maruja. Shugaba ya karɓi wayata, ya buɗe murya kowa na ji, ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta shiga tsakanin gurabe ranar da ta zo.

"Ni? Ko kusa! Daga sama muka tsaya, inda kowa ke tsayawa. Surukata mace ce mai bin doka, ko taku ɗaya ba ta bari na yi ba."

Na fizge wayar na ce, "Maruja, ki faɗi gaskiya, ni na ce ki faɗa!" Ta ce, "Ai ita na faɗa, 'yar'uwa," da wata murya mai daɗi, tana nuna mini ta riƙe alkawari.

Sai Baba ya miƙe. Ya taka har gaban tebur, ya ajiye sandar da kansa. Ya ce, "Kar ku wahalar da hannuwanku. Yarinyar nan tana son ta ba da ruwanta na shekara saboda tsohon da bai haife ta ba. Ni na bar shi a buɗe, na tuna sarai. Ku dai ku riƙe ta da kyau."

Mata suka fashe da kuka. Gumercinda ta rungume ni har hulata ta faɗi. Shugaba ya ce a rubuta a littafin taro cewa ba a taɓa ganin irin wannan halacci ba. Aka tafa mini. Ina tsaye ina cewa ku saurare ni, ku saurare ni, tafin ya rufe muryata.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Sun tafi.

Na raka su mararraba inda motar Cusco ke tsayawa. Jaka ɗaya gare shi, da ƙullin gishirin fari na gurbinsa. Ya sa rigar cocinsa. Hannunsa na dama sai motsi yake yi, yana neman abin dogarawa.

Da Gumercinda ta je sa kaya a bayan mota, ya jawo ni gefe. "Na gode da abin da kika yi jiya. Amma kar ki ƙara. Na tsaya a gaban Allah na yi alkawari zan tarbiyyantar da ke, ban so a ce 'yata ta iya ƙarya haka."

Na ce, "Baba, ka dube ni. Kanka lafiya lau yake. Ba ka taɓa mantuwa ba."

Ya shafa kumatuna, ya shiga mota, aka ba shi gefen taga. Direba ya tayar da inji. Sai ya sauke gilashin, ya dubi inda rana ta kai a kan dutse.

"Yau Litinin. Gidan Meza ne da safe, sai matar marigayi Sinchi, sai layin ƙasa bayan azahar." Ya tsaya. Fuskarsa ta canza. "Ko ba haka ba ne, Dosia?"

Haka ne. Ko ɗaya bai kuskure ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin ya tambayi wani ba.

Na ce, "Daidai ne, Baba. Wallahi daidai ne."

Ya gyaɗa kai, ya yi mini murmushin nan na Moray, ya ce, "Ke ai ko ba daidai ba ne haka za ki ce." Ya ɗaga gilashin.